Gwajin Histamin a Zuciyar Ɓeran Masar: Jagora Ga Ɗalibai da Ma'aikatan Ɗakin Gwaji

Kuskuren da ya fi yawa a wannan gwaji tun kafin a shiga ɗakin gwaji ake yin sa, wato wajen zaɓen dabba. Ɗalibi zai rataya zuciyar farin ɓera, ya ɗiga histamin, sinadarin da jiki ke saki lokacin ƙaiƙayi da rashin jituwa, ya zuba wa na'ura ido, shiru. Ya ƙara, shiru. Sai ya yanke hukunci cewa maganin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Zuciyar farin ɓera da ta ƙaramin ɓera kusan ba su jin histamin kai tsaye. Ɗan motsin da ake gani idan an zuba shi da yawa, galibi noradrenalin ne, sinadarin da ke ƙara bugun zuciya, da ya tatso daga bakin jijiyoyin da ke jikin tsokar, shi ya sa furofaranolol, maganin da ke toshe aikin noradrenalin a zuciya, ke shafe shi. Saboda wannan rashin ji ne ma masu bincike a birnin Halle na Jamus sai da suka dasa wa ƙananan ɓeraye makarɓin H2 na ɗan Adam, wato ɗaya daga cikin wuraren da histamin ke kamawa a jikin ƙwayar tsoka, kafin zuciyarsu ta amsa.

Dabbar wannan aiki ita ce ɓeran Masar. A ɗakin sama na dama na zuciyarsa ne James Black da abokan aikinsa suka tabbatar da makarɓin H2 a 1972, bayan Ash da Schild sun sa wa H1 suna a 1966. Abin da ya ja hankalinsu shi ne histamin yana ƙara saurin bugun wannan ɗaki, kuma magungunan ƙaiƙayi na lokacin, irin su mefiramin mai toshe H1, ba sa hana shi. Daga wannan aiki simetidin, maganin da ke toshe H2, ya fito, ya shiga kasuwa a Ingila a 1976. Duk wanda ya yi gwajin da za mu bayyana, sawun wannan aiki yake takawa.

Abin da za ka riƙe tun farko

Histamin ba abu ɗaya yake yi wa zuciya ba, kowane sashe da makarɓinsa. A ɓeran Masar, kullin SA, mafarin bugun zuciya da ke ɗakin sama na dama, yana ƙara sauri ta hanyar H2. Ɗakin sama na hagu yana ƙara ƙarfin matsewa ta hanyar H1. Ɗakunan ƙasa suna ƙara ƙarfi musamman ta H2. Kullin AV, mashigar saƙo daga sama zuwa ƙasa, yana jinkirta saƙo ta H1. A zomo rabon ya sha bamban, domin H1 ne ya fi tasiri a tsokar ɗakin ƙasa. A ɗan Adam H2 ne ke ƙara sauri da ƙarfi, sama da ƙasa. Don haka duk jimlar da ta ce "histamin yana yi wa zuciya kaza" ba tare da ambaton dabba da sashe ba, rabin magana ce.

A cikin ƙwayar tsoka, H2 yana bin hanyar da adrenalin ke bi: ya kunna furotin Gs, cAMP, ɗan saƙon cikin ƙwayar, ya ƙaru, ƙofofin kalsiyam su ƙara buɗewa, kullin SA ya riƙa kaiwa matakin tashi da wuri, tsoka ta matse da ƙarfi ta kuma saki da sauri. H1 kuwa ta furotin Gq da fosfolifes C yake bi, amsarsa a tsokar zuciya ta fi tafiya a hankali. Akwai kuma H3, wanda aka gano a 1983, yana zaune a bakin jijiyoyin da ke sakin noradrenalin yana rage sakin. Ba za ka gan shi a gwaji mai sauƙi ba sai ka motsa jijiyoyin da lantarki.

Me ya sa ba a yi a dabba mai rai? Domin allurar histamin a jijiyar ɓeran Masar tana shaƙe hanyoyin numfashinsa cikin daƙiƙoƙi, abin da za ka gani a zuciya sakamakon rashin iska ne. A kyanwa da kare kuma jijiyoyin jini ke buɗewa, ƙarfin jini ya faɗi, jiki ya mayar da martani da saurin bugu, ga adrenalin da histamin ke saki daga ƙullin saman ƙoda. Dale da Laidlaw sun lura da wannan bambanci tsakanin dabbobi tun 1910. Idan tasirin kai tsaye kake nema, sai an raba zuciyar da jiki.

Izini da kula da dabba

Kada a taɓa dabba sai kwamitin kula da amfani da dabbobi na jami'a ya amince da tsarin aikin a rubuce, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke da shi a Zariya. Wanda ya ƙware ne zai sa maganin barci ya kuma buɗe ƙirji, ba ɗalibin da yau ya fara ba. Sannan a tsara ranar yadda dabba ɗaya za ta wadatar da ƙungiyoyi da yawa: ɗakin dama ga wasu, na hagu ga wasu, ƙaramin hanji da maƙogwaro ga masu gwajin H1. Asara ce a kashe dabba don tsoka guda a zubar da sauran.

A nemi ɓeran Masar mai nauyin giram 300 zuwa 500. Idan daga nesa aka kawo shi, misali daga Vom, a bar shi mako guda ya huta. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C, dole a ba shi ganye ɗanye ko abinci mai bitamin ɗin kullum. Ba ya jure zafi: digiri 18 zuwa 24 ya fi so, kuma da ɗaki ya doshi 30 ya fara galabaita, abin da mai aiki a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu zai yi tanadi a kansa. Kada a ba shi fenisilin ko danginsa, yana rikita ƙwayoyin hanjinsa ya kashe shi. Dabbar da ta rame ko take huci, zuciyarta ba za ta ba da sakamakon kirki ba.

Ruwan gishirin da tsoka za ta rayu a ciki

A nan mafi yawan gwaje-gwaje ke mutuwa, don haka a yi shi da natsuwa. Ruwan Krebs da Henseleit ake amfani da shi, a haɗa sabo a ranar. Ga lita ɗaya:

Sodiyam kulorayid, giram 6.9
Fotasiyam kulorayid, giram 0.35
Fotasiyam dihaidurojin fosfet, giram 0.16
Magniziyam salfet mai ruwa bakwai, giram 0.29
Sodiyam bikabonet, giram 2.1
Gulukos, giram 2.0
Kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu, giram 0.37

Da tataccen ruwan ɗakin gwaji za a haɗa, ba ruwan famfo ba, ba ruwan leda ba, domin gishirin da ke cikinsu zai rushe lissafi. A zuba kusan mililita 800 na ruwa, a narkar da komai ban da kalsiyam, a busa iskar kabojin, wato oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5, na minti 15 zuwa 20. Sai a narkar da kalsiyam daban a ɗan ruwa, a tsiyaya shi a hankali ana juyawa, a cika zuwa lita. Idan aka zuba kalsiyam kafin busa iska, zai haɗu da bikabonet da fosfet ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Ruwan da ya yi haka a zubar da shi, domin kalsiyam ɗinsa ya riga ya kwanta, kuma zuciya ba ta matsewa sai da shi, kamar yadda Sydney Ringer ya nuna tun 1883. Kalsiyam kulorayid yana tsotsar damshi daga iska, kwalbar da aka bari a buɗe da damina wani sashe na nauyinta ruwa ne. Gara a haɗa ruwansa mai ƙarfin mola ɗaya a ajiye, a riƙa ɗibar mililita 2.5 ga kowace lita.

Kabojin ɗin ba ado ba ne, shi ke riƙe pH a 7.4. Idan oksijin zalla na asibiti kawai ake da shi, kada a busa shi a ruwan Krebs, domin zai kore kabon dayoksaid, pH ya haura 8, kalsiyam ya kwanta. A irin wannan hali a koma ruwan Ringer da Locke mai ƙarancin bikabonet: sodiyam kulorayid giram 9.0, fotasiyam kulorayid 0.42, kalsiyam kulorayid busasshe 0.24, bikabonet 0.5, gulukos 1.0 zuwa 2.0 a lita. Famfon iska na tankin kifi zai iya riƙe hanji, amma bai isa tsokar zuciya ba.

Haɗa histamin

Duba kwalba da kyau, domin iri biyu ake sayarwa. Histamin dihaidurokulorayid nauyin molarsa 184.1 ne, histamin fosfet kuma 307.1, shi kansa histamin zalla 111.1. Wanda ya ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan, sakamakonsa zai kauce sosai. Don samun ƙarfin milimola 10, a narkar da miligiram 18.4 na farkon, ko 30.7 na fosfet, a mililita 10 na tataccen ruwa. Wannan ita ce kwalba A. A ɗebi mililita 1 daga A a cika zuwa 10, an sami B mai milimola 1. Haka daga B zuwa C mai 0.1, daga C zuwa D mai 0.01. A canja bakin fifet a kowane mataki, a ajiye kwalaben a kan ƙanƙara, a zubar da B, C da D da yamma.

Fitar da zuciya da raba ɗakunan sama

Kafin a ɗauko dabba, komai ya zama a shirye: baho, wato kwanon gilashin da za a rataya tsoka a ciki, mai mililita 20 cike da ruwan Krebs yana kumfa, zafinsa ya tsaya, zare biyu a cikin allura, faranti mai ruwan Krebs da ake busa wa iska, na'urar auna ƙarfi an daidaita ta da nauyin giram ɗaya.

A sa maganin barci mai zurfi bisa abin da kwamiti ya amince. Haɗin da aka saba shi ne ketamin miligiram 40 da zailazin miligiram 5 ga kowane kilo, ko kuma fentobabital. Kada a yi amfani da mofin, domin yana sakin histamin daga ƙwayoyin mast, waɗanda ke adana shi a jiki. A matse yatsan ƙafa da ƙarfi, idan dabbar ta janye ko kaɗan ba a fara ba. A yanke ƙasa da ƙashin ƙirji, a huda tantanin da ya raba ciki da ƙirji, a yanke haƙarƙari ta gefe biyu a ɗaga. A tallafo zuciya da yatsu, a yanke manyan jijiyoyi can sama nesa da ita, a jefa ta cikin faranti. A matsa ta a hankali sau biyu ko uku jini ya fita.

A cire kitse da ragowar huhu, a bi layin da ya raba sama da ƙasa da ƙaramin almakashi a cire ɗakunan ƙasa, sannan a raba dama da hagu. Wurin da za a kiyaye shi ne inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga sama ta shiga ɗakin dama, domin nan kullin SA yake. Kada almakashi ko hantsaki ko zare ya taɓa wurin. Gane su ba wuya: na dama zai ci gaba da bugawa shi kaɗai, na hagu zai yi shiru. A soka zare ɗaya a ƙarshen kunnen ɗakin, ɗaya a gefen da ke fuskantarsa. Na ƙasa a ɗaura a ƙugiyar baho, na sama a na'ura. Duk wannan a cikin ruwa ake yi, tsoka ba ta shan iska a fili.

A ja zaren har nauyin hutu ya kai giram 0.5 zuwa 1. A sa zafin baho a digiri 30 zuwa 32. Dalilin rashin kai shi 37 shi ne tsokar ba ta da jini yanzu, daga ruwan da ke kewaye da ita take tsotsar oksijin, kuma a ɗan sanyi buƙatarta ta ragu, sai ta daɗe. Sai dai injin dumama ruwa ɗumamawa kawai ya iya. Ranar da ɗakin kansa ya kai digiri 38, baho ba zai tsaya a 32 ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ko ƙanƙara a tankin da ke zagayawa. A irin wannan lokaci a fara da sassafe. Ma'aunin zafi ya kasance cikin bahon kansa, ba cikin tanki ba, domin digiri ɗaya kaɗai na iya sauya saurin bugu da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, wanda ya isa a ɗauka aikin magani ne.

A bar tsokar ta huta minti 45 zuwa 60, ana canja ruwa kowane minti 15 da ruwan da aka riga aka ɗumama, ana gyara nauyin hutu idan ya sassauta. Ba a fara ba sai saurin bugu ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla minti 10. Gaggawa a nan ita ke haifar da jadawalin da ba ya fassaruwa.

Ɗiga histamin a ɗakin dama

Ana tarawa ne, ba a wankewa tsakanin ɗigo da ɗigo. A baho mai mililita 20:

Maikrolita 20 daga D, ƙarfi a baho maikromola 0.01
Maikrolita 40 daga D, ya zama 0.03
Maikrolita 14 daga C, ya zama 0.1
Maikrolita 40 daga C, ya zama 0.3
Maikrolita 14 daga B, ya zama 1
Maikrolita 40 daga B, ya zama 3
Maikrolita 14 daga A, ya zama 10
Maikrolita 40 daga A, ya zama 30
Maikrolita 140 daga A, ya zama 100

Jimillar abin da aka zuba maikrolita 362 ne, bai kai kashi 2 cikin ɗari na bahon ba, don haka bai tsinka ruwan ba. Idan bahonka ba mililita 20 ba ne, auna shi da sirinji ka sake lissafi, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. A ɗiga cikin ruwa kusa da kumfa don ya gauraya, ba a kan tsoka ko zare ba. Bayan kowane ɗigo a jira sauri ya tsaya, yawanci minti 2 zuwa 4, a ƙirga bugu, sannan a ƙara na gaba. Mai kwamfuta za ta ƙirga masa. Mai tsohuwar ganga ta takarda sai ya ƙara gudunta na daƙiƙa 15 ya ƙirga ya ninka huɗu.

A ƙananan matakai ba za a ga komai ba. Wajen maikromola 0.1 zuwa 0.3 sauri zai fara hawa, ya kai rabin iyakarsa a kusa da maikromola 1, ya tsaya tsakanin 10 da 100. Da matakai biyu a jere sun ba da amsa ɗaya, a tsaya a wanke sau uku ko huɗu, a jira bugu ya koma inda ya fara, abin da kan ɗauki rabin awa ko fiye. A zana jadawali: ƙarin bugu a matsayin kaso na iyaka a tsaye, logaridim na ƙarfin histamin a kwance.

Kada a fassara tsayin layin bugu a ɗakin dama a matsayin ƙarfin matsewa. Sauri da kansa yana sauya ƙarfi, don haka ba za ka san na magani da na sauri ba. Ɗakin dama na sauri ne, na hagu na ƙarfi.

Tabbatar da cewa H2 ne

Ganin bugu ya ƙaru bai nuna makarɓi ba, masu toshewa ne ke nunawa. A fara da furofaranolol maikromola 1 na minti 30, a maimaita jerin histamin. Jadawali bai kamata ya motsa sosai ba, alamar ba noradrenalin ke aikin ba. Don a tabbatar furofaranolol ɗin yana da rai, a gwada aisofirenalin, maganin da ke aiki kamar adrenalin, kaɗan, ya kamata amsarsa ta dushe. Sai mefiramin maikromola 0.1: shi ma ba zai motsa jadawalin ba. Kada a wuce maikromola 1, domin a ƙarfi mai yawa magungunan H1 suna danne tsokar zuciya ta hanyar da ba ruwanta da histamin. Furometazin bai dace da wannan aiki ba sam, yana toshe makarɓai da yawa. Ba a manta ba cewa tafenadin da astemizol, magungunan H1 ne, an janye su daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 saboda suna toshe ƙofar fotasiyam a zuciya.

Sannan simetidin. Nauyin molarsa 252.3, don haka miligiram 25.2 a mililita 10 ya ba da milimola 10. Ba ya narkewa da sauƙi, a fara da ɗigon asid haidurokulorik mai rauni sannan a cika da ruwa. Maikrolita 20 a baho ya ba da maikromola 10. A nemi garin ɗakin gwaji. Ƙwayar kemis da aka daka tana ɗauke da sitaci da sauran abin haɗi, ruwan allura kuma yakan zo da maganin hana lalacewa da ke taɓa zuciya.

A gwada maikromola 1, 3 da 10, kowanne a bar shi minti 30 kafin jerin histamin, a kuma mayar da shi duk lokacin da aka canja ruwa. Jadawalin zai matsa dama ba tare da iyakarsa ta ragu ba. A raba ƙarfin histamin da ya ba da rabin amsa bayan simetidin da na kafinsa, wannan shi ne ninkin. Abin da ake tsammani kusan ninki 2 ne a maikromola 1, kusan 5 a 3, kusan 13 a 10. A maikromola 10 sai an kai histamin 300 kafin a ga iyaka, wato ƙarin maikrolita 400 daga A. A cire ɗaya daga ninkin, a zana logaridim na abin da ya rage a kan logaridim na ƙarfin simetidin, hanyar Arunlakshana da Schild ta 1959. Layin ya miƙe da gangara kusa da 1, ya yanke a pA2, ma'aunin ƙarfin mai toshewa, wajen 6.1. Ranitidin, shi ma mai toshe H2, yana ba da wajen 7.2, wato ya fi shi ƙarfi kusan sau goma. Idan gangarar ta yi ƙasa da 1 sosai, abin da za a fara zarga shi ne ba a bar mai toshewa ya daɗe ba.

Dole a ware tsoka ɗaya da za a maimaita mata jerin histamin sau huɗu ba tare da mai toshewa ba. Ita za ta nuna ko gajiya ce ke matsar da jadawali.

Ɗakin hagu

Tunda ba ya bugawa da kansa, lantarki ake ba shi ta wayoyin filatinam biyu: bugu ɗaya a daƙiƙa, tsawon kowanne milisakan 3 zuwa 5. A fara daga ƙasa ana ƙara wuta har tsoka ta fara amsa kowane bugu, sai a ƙara kashi 20 cikin ɗari a tsaya. Wuta mai yawa tana motsa jijiyoyin cikin tsokar su saki noradrenalin da asetilkolin, su ɓata awon. Wanda yake shakka ya sa furofaranolol da atirofin mai toshe aikin asetilkolin, maikromola 1 kowanne, tun farko. Jerin histamin ɗaya ne, amma a ƙara haƙuri domin amsar tana hawa a hankali. A nan lamarin ya juye: simetidin ba ya yin komai, mefiramin maikromola 0.01 kawai ya isa ya matsar da jadawali sosai. A ganinmu babu darasin da ya kai wannan amfani ga ɗalibi, ya ga bahuna biyu kusa da juna, zuciya ɗaya, magani ɗaya, makarɓi daban.

Idan ɗakin hagu ya riƙa bugawa shi kaɗai, an haɗo shi da ɗan yankin dama ko bakin jijiyar huhu. A sauke shi a gyara yankan.

Zuciya sukutum

Mai son ganin kullin AV da ɗakunan ƙasa da gudun ruwa a jijiyoyin zuciya sai ya bi hanyar da Oscar Langendorff ya fito da ita a 1895. A yi wa dabba allurar hefarin, yunit 500 zuwa 1000 ga kilo, minti 15 zuwa 20 kafin buɗe ƙirji, don jini kada ya daskare a ƙananan jijiyoyi. A jefa zuciya a ruwan Krebs mai sanyin ƙanƙara ta tsaya, a zura bututu a awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ruwa yana ɗiga daga bakinsa, a ɗaure. Daga buɗe ƙirji zuwa fara gudun ruwa kada ya wuce minti 2 zuwa 3. Bakin bututun ya tsaya sama da murfin awota. Idan ya zarce ciki, ruwa zai cika ɗakin ƙasa maimakon ya shiga jijiyoyin zuciya, za ka ga ruwa na zuba da yawa amma zuciya ba ta washe ba. A nan zafin digiri 37 ne, tulun ruwa a rataye shi kusan santimita 80 sama da zuciya, wato matsin milimita 60 na zaiba. A tace ruwan, a sa tarkon kumfa, domin ƙwayar kumfa ɗaya ta isa ta toshe jijiya ta kashe yankin tsoka.

A sa balan-balan a ɗakin ƙasa na hagu da matsin hutu milimita 5 zuwa 10, a maƙala wayoyin ECG ɗaya a sama ɗaya a tsinin zuciya. A yi allurar histamin ta gefen bututu, daga maikrogiram 0.1 zuwa 10, a cikin abin da bai wuce mililita 0.1 ba, a kuma gwada ruwan gishiri zalla daidai wannan yawa don a san abin da allurar kanta ke yi. Sauri da ƙarfi za su ƙaru, tazarar PR, wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga sama zuwa ƙasa a ECG, ta tsawaita, a manyan allurai wasu bugun sama su kasa isa ƙasa, ɗakunan ƙasa su fara jefa bugun kansu. Mefiramin yana rage jinkirin AV, simetidin yana rage sauri da bugun da ba na ƙa'ida ba. Da yake sauri shi kaɗai yana tsawaita PR, sai an riƙe bugu wuri ɗaya da lantarki kafin a ce H1 ne. Gudun ruwan jijiyoyi kuma a yi hattara da fassara shi, domin zuciyar da ke aiki da ƙarfi tana buɗe jijiyoyinta ko ba histamin.

Zuciya tana da nata histamin a ƙwayoyin mast. Sinadarin 48/80 yana fasa su. Haka idan aka yi wa dabba allurar furotin farin ƙwai, bayan mako biyu zuwa uku aka zuba shi a zuciyar da aka rataya, za a ga sauri da toshewar AV da faɗuwar gudun ruwa, abin da Roberto Levi ya daɗe yana nazari a Jami'ar Cornell ta Amurka. Magungunan histamin ba sa hana faɗuwar gudun ruwan gaba ɗaya, domin akwai wasu sinadarai da ake saki tare da shi, lukotirayin da turomboksen, a ciki. Wannan na daga dalilan da suka sa adrenalin ne maganin farko ga mutumin da rashin jituwa mai tsanani ya kama, ba Piriton ba.

Idan abu ya ƙi

Bugu mai rauni tun farko: duba kalsiyam da kumfar iska kafin komai. Bugu mai tsalle-tsalle: an ja zare da yawa, ko an taɓa kullin SA, ko fotasiyam ya yi kaɗan. Layi mai rawa: kumfa ta yi girma tana dukan zare, ko zaren yana goga bangon baho. Sauri ya faɗi duk lokacin wanki: ruwan wankin ya fi baho sanyi. Layin hutu yana hawa a hankali: tsoka na ƙishirwar oksijin, kuma idan ya yi nisa ba ta dawowa. Jeri na biyu ya fi na farko rauni ba tare da mai toshewa ba: an bar ta ta daɗe a maikromola 100 makarɓai sun dushe, ko ba a wanke sosai ba. Amsa ta ɓace gaba ɗaya a bahon da jiya aka sa mai toshewa: ragowarsa na manne a gilashi da robar bututu, mefiramin musamman, sai an wanke da asid mai rauni an ɗauraye sau da yawa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar jeri zafi ya sauka, a soke wannan jerin, a jira komai ya daidaita a sake, shi ya sa ya kamata injin zafi da na'urar rubutu su kasance a kan inbata.

Wajen rubuta sakamako, adadin dabbobi ake ƙirgawa ba adadin maimaici ba: jeri huɗu a tsoka ɗaya dabba ɗaya ce. A rubuta jinsi da nauyi, irin gishirin histamin, zafin baho, ƙarfin kalsiyam, maganin barcin da aka sa, da saurin bugu kafin ɗigon farko a lambobinsa na ainihi, domin ɗakin da ya fara da bugu 140 a minti da wanda ya fara da 220 ba su da filin hawa iri ɗaya.